Highlander tana karkarwa idan na taka totur: giyabos ne ko wani abu dabam?

"Assalamu alaikum Malam. Wata huɗu ke nan da na sayi Toyota Highlander ƙirar 2010, V6, mai ja da taya huɗu, 'yar Beljiyam, mita tana nuna mil 148,000. Matsalar ita ce da zarar na taka totur tsakanin kilomita 50 zuwa 80, musamman a hawa ko in na ɗauko iyali, sai gaban motar ya kama karkarwa har a kujera nake ji. In na ɗaga ƙafa sai ta yi lum. An yi balansin sau biyu, an yi alaimen, an canja fulogi, duk a banza. Yanzu makanikena ya ce giyabos ne, in nemo kuɗi. Kafin in kashe wannan uban kuɗi, mene ne gaskiyar lamarin?" Daga wani mai karatu a Kaduna.

Wa alaikumus salam. Allah ya sanya alheri, ya tsare hanya. Kada ka sayi giyabos tukuna. Karkarwar da ke zuwa in an taka totur, ta ƙaru a hawa ko da lodi, ta ɗauke da zarar an ɗaga ƙafa, ta fi nuni ga shaf ɗin gaba, wato sandar da ke kai ƙarfi daga giyabos zuwa taya, musamman gaɓarsa ta ciki wadda ke shiga jikin giyabos. Bayan shi sai injin da ke yin mis (wata silinda ba ta ƙona mai daidai), sai kwanbatar giya (abin da ke haɗa injin da giyabos), sai kujerun injin, sai farfela (doguwar sandar da ke kai ƙarfi zuwa tayoyin baya). A cikin biyar ɗin nan kwanbata ce kaɗai ta shafi giyabos, ita ma ba kullum take kai ga sauke shi ba. Akwai gwajin da za ka yi da kanka a kan hanya, ba ko sisi, wanda zai tsame biyu ko uku daga cikinsu kafin a taɓa sifana.

Me ya sa balansin bai yi magani ba

Duk karkarwar mota daga abu mai juyawa take fitowa, don haka tambayar farko ita ce: me take bi? Gudun mota take bi, ko juyin injin, ko nauyin da aka ɗora wa injin?

Tayar da ba ta da balans gudun mota take bi. Babu ruwanta da ƙafarka. In tana rawa a kilomita 100, za ta yi rawar ko kana kan totur, ko ka ɗaga, ko ka sa giya a firi kana gangarawa. Tayar Highlander mai lamba 245/65R17 kewayenta ya kai wajen mita 2.36, wato a kilomita 100 tana juyawa kusan sau 12 a daƙiƙa, kuma a nan ne rashin balans ya fi bayyana, galibi daga kilomita 90 zuwa 120, a sitiyari in ta gaba ce, a kujera in ta baya ce. Taka kuwa tana zuwa ƙasa da haka, kuma tana jin maganar totur. Ashe tun farko an bar jaki ana dukan taiki. Alaimen ma haka: yana gyara ja gefe guda da cin taya, ba kasafai yake kawar da karkarwa ba.

Abin da totur ke canjawa shi ne ƙarfin murɗawa da ke bi daga injin zuwa taya. In ka taka, injin yana ɗan jingina a kan kujerunsa, gaban mota yana ɗan ɗagawa, shaf yana canja kwana, kuma duk wata gaɓa da ta sassauta sai ta matsu a gefe guda. In ka saki, komai ya koma ya huta. Saboda haka mai laifin yana cikin kayan da ke ɗaukar wannan ƙarfi.

Gwajin kan hanya

Ka nemi kwalta mai kyau mara cunkoso, in da ɗan hawa ya fi. Bari injin ya yi zafi tukuna, ka kashe rediyo, ka ɗauki mutum ɗaya ya riƙa rubuta gudun mota da abin da allurar juyin injin ke nunawa. Ka lura cewa manyan lambobin mitar motar Amurka mil ne. Kilomita 50 zuwa 80 ya yi daidai da mil 30 zuwa 50.

Da farko ka kai ta inda take karkarwa, ka saki totur, sannan ka sa firi na ɗan lokaci tana tafiya. In karkarwar ta ci gaba, to akwai hannun taya, rim ko boris. In ta ɗauke gaba ɗaya, kamar yadda ka faɗa, ka ajiye su gefe.

Na biyu shi ne gwajin da ya fi kowanne amfani. Giyar motarka mai hawa biyar ce, kuma tana da gefen S, inda kake ƙayyade giyar da ba za ta wuce ba. Ka riƙe gudu ɗaya, a ce kilomita 60, ka taka totur a D, sannan ka maimaita a S4, sannan a S3. Gudun mota bai canja ba amma juyin injin ya tashi. In karkarwar tana nan a gudu ɗaya ko da wace giya, kuma kana ƙara takawa tana ƙara ƙarfi, to matsalar tana bayan giyabos: shaf ko farfela. In kuwa ta koma bin allurar injin, tana zuwa a juyi ɗaya ko a wace giya, to injin ne ko kujerunsa ko salansa da ke taɓa jikin mota. In ta ɓace a S3, abu biyu ne suka rage, kwanbata ko mis, domin dukansu sun fi tashi a babbar giya da ƙaramin juyi.

Na uku don kwanbata ne. Tana cikin karkarwa, ka riƙe totur yadda yake, ka ɗan taɓa birki da ƙafar hagu, daidai yadda fitilar birki za ta kama kawai. A yawancin motoci wannan yana sa kwamfuta ta saki kulocin da ke cikin kwanbata. In karkarwar ta yanke nan take, allurar injin ta ɗan yi sama, to ka kama ta. Wanda bai saba taka birki da hagu ba ya yi a hankali, kuma ya tabbata babu mota a bayansa.

Sai kuma yanayin karkarwar, wanda makanike ba zai iya ji maka ba sai ka kwatanta masa. Ta shaf tana da nauyi, tana kaɗa gaban mota hagu da dama, har ka ga gwiwarka tana motsi. Ta kwanbata ƙanana ce a jere, kamar ka hau burji mai ƙunya-ƙunya, tana zuwa da ɗan totur kaɗan, daƙiƙa biyu ko uku ta wuce, kuma in ka taka sosai sai ta ɓace saboda giya ta sauko. Ta mis fizga ce gaba da baya mara tsari, da rashin ƙarfi. Ta farfela gurnani ne a ƙarƙashin kujera da tsakiyar mota, saboda tana juyawa kusan ninki uku na taya.

Shaf ɗin gaba

Kowane shaf yana da gaɓa biyu. Ta waje, wadda ke wajen taya, ita kowa ya sani, domin in ta lalace tana yin ƙas-ƙas in an karya kwana. Ta ciki ba kasafai take yin ƙara ba, shi ya sa ake mantawa da ita. Za ka ji makanike ya ce "shaf lafiya yake, ba ya kuka a kwana", alhali abin da ya gwada gaɓar waje ce.

Gaɓar ciki kofi ne na ƙarfe mai hanyoyi uku a cikinsa, sai kan shaf mai ƙafa uku, kowace ƙafa da rola da ke tafiya a hanyarta. An yi ta haka don shaf ya riƙa shiga yana fita yayin da taya ke hawa da sauka. Shekara da shekaru rololin suna zama a kusan wuri ɗaya, sai su ci ƙarfen su yi ɗan kwari. Muddin mota na tafiya ba matsi, rolar tana zaune a kwarinta lafiya. Da ka taka totur, kwanar shaf ta canja, ƙarfi ya matse rolar, sai ta riƙa hawa bakin kwarin tana faɗowa, sau uku a kowane juyin taya. Wannan turin yana bi ta shaf ya kaɗa injin da giyabos gefe da gefe. Shi ya sa lodi da hawa ke ƙara ta, kuma shi ya sa take da iyakar gudu: ƙasa da nan ba a ji sosai, sama da nan sai ta laushi.

Dubawa sai a kan rami ko lif. A fara da robar da ke rufe gaɓar. In ta tsage, ko an ga giris ya fantsama a da'ira a jikin giyabos da salansa, magana ta kusa ƙarewa, domin a hanyoyinmu ƙura da ruwan damina ba sa ɗaukar lokaci kafin su cinye gaɓar da ta buɗe. Amma roba lafiyayya ba shaida ba ce. Dilolin mota da yawa suna sa sabuwar roba a kan tsohuwar gaɓa kafin su sayar, kuma gaɓa tana iya cinyewa da tsufa ko robar ba ta taɓa fashewa ba. In ka ga roba sabuwa fil a ƙarƙashin motar da komai nata ya tsufa, ko an ɗaure ta da waya maimakon kilif, ka sa alamar tambaya.

Daga nan a riƙe sandar shaf kusa da gaɓar ciki a girgiza sama da ƙasa. Shiga da fita ba laifi ba ne, aikinta ke nan. Motsi sama da ƙasa mai ƙwanƙwasa shi ne laifi. Sai a riƙe kofin da hannu ɗaya, a murɗa sandar da ɗayan. In akwai wasa tsakaninsu, a kwatanta da ɗaya gefen. Shaf ɗin dama ya fi tsawo, in yana da boris da ke riƙe shi, shi ma a duba.

Tabbaci yana samuwa ne in an cire shaf an zare robar. Giris mai lafiya yana da kauri. Na gaɓar da ta mutu za ka same shi ya tsinke, ya yi ruwa-ruwa, launin ƙasa, wani lokaci da ƙyalli-ƙyallin ƙarfe. A wanke kofin da kananzir, a haska tocila a cikin hanyoyin nan uku. Za ka ga wani wuri yana sheƙi fiye da sauran. Ka bi shi da farce, in farcen ya maƙale a wani ɗan tudu, to ga karkarwarka nan. A juya kowace rola da yatsa, wadda ke cijewa ko ƙananan alluran cikinta ke zubewa ta gama aiki. Ka ce a nuna maka da idonka kafin ka fitar da kuɗi.

Kwarin da ya riga ya ciwu, giris ba ya cike shi. Sabon giris da sabuwar roba na iya rage karkarwar na 'yan makonni ta dawo. Canji ne magani, ko kofin da kansa mai rola uku tare, ko shaf ɗin gaba ɗaya. A nan ra'ayina a fili yake: shaf na asali na Toyota da aka ciro daga wata mota, in an buɗe an ga cikinsa lafiya, ya fi sabon kwali mai araha. Irin waɗannan sababbin sukan zo da karkarwarsu tun daga kwali, wasu ma har a tsaye in giya tana D, sai mai mota ya ce ai an canja shaf bai yi ba, a koma zargin giyabos. In za a shiga Panteka ko Ƙofar Ruwa, a tafi da tsohon a jera su: tsawo, yawan haƙora a kai biyun, da abin da na'urar ABS ke karantawa. Shaf ɗin mai ja da gaba kawai da na mai ja da huɗu ba lallai su zo ɗaya ba, musamman na dama. A yi sharaɗin mayarwa in bai yi ba.

Wajen ɗaurawa, a canja sil ɗin da shaf ke shiga, a sa giris ɗin da aka yi don gaɓar shaf ba na boris ba, a ɗaure roba da kilif na ƙarfe. Babban notin kan shaf ana ɗaure shi da sifana mai awo, wajen Nm 294 a wannan mota, sannan a lanƙwasa bakinsa ya kulle. Notin taya Nm 103 ne. Ɗaurin tsalle a kan bututu yana kashe boris. A ƙarshe a duba man giya, don yakan zuba in an zare shaf.

Gargaɗi biyu kan motarka. Kada a ɗaga gaba kawai a kan jek a sa giya, domin tayoyin baya ma suna ja, motar za ta iya saukowa. Kuma ko an ɗaga duka huɗun a lif, karkarwar da ke buƙatar lodi ba za ta fito ba tunda tayoyin a iska suke juyawa. "Mun gwada a sama ba ta yi" ba hujja ba ce.

In injin ne ke yin mis

Ka ce an canja fulogi, amma ina da tambaya: guda nawa? Injin motarka, 2GR-FE mai lita 3.5, a kwance yake. Silinda 2, 4 da 6 suna gaba wajen lagireto, hannu na kai musu. Silinda 1, 3 da 5 suna baya, sai an cire manifol na sama kafin a kai gare su. Ba sabon abu ba ne a karɓi kuɗin shida a canja uku. Fulogin asali na iridiyom ne, Denso FK20HR11, tazarar bakinsa milimita 1.1, kuma Toyota ta ƙayyade canja shi a mil 120,000. Jabunsa ya cika kasuwa, kwali ɗaya, rubutu ɗaya, amma bakin ya cinye cikin 'yan watanni.

Fulogi ko kwayil mai rauni yana iya yin sulo lafiya lau, sai an ɗora lodi ya gaza, saboda tartsatsi ya fi wuyar tsallakawa in matsin cikin silinda ya ƙaru. Shi ya sa mis ke kwaikwayon kwanbata ƙwarai. Mai raba gardama ita ce na'urar sikanin. Ka fara kunna makulli ba tare da tayar da injin ba, ka ga ko fitilar cek injin tana kamawa. In ba ta kama ba, wataƙila an kashe ta ne don a ɓoye wani abu. Lambar P0300 mis ne na gaba ɗaya, P0301 zuwa P0306 suna nuna silindar da abin ya shafa. Rashin lamba ba ya wanke injin. A jona na'urar a fita da ita kan hanya, a buɗe inda take ƙirga mis na kowace silinda, a kalla lokacin da motar ke karkarwa. In ƙirgen silinda ɗaya yana hawa, a musanya kwayil ɗinta da na maƙwabciya. In mis ya bi kwayil, shi ne. In ya tsaya, a duba fulogi, sai nozul, sai a auna matsin silindar. A leƙa ramin fulogi kuma, in baƙin mai ya taru a ciki, sil ɗin murfin injin ke yoyo yana kashe kwayil.

In lambobin P0171 da P0174 suka fito, ko gyaran mai da kwamfuta ke yi ya haura kashi 10 cikin ɗari, mai ne ya yi kaɗan ko iska ta yi yawa. A duba matatar iska da na'urar awon iska da ke bayanta, wadda ƙurar hunturu ke toshewa, a duba tiyon iska ko ya tsage, a auna ƙarfin famfon mai, wanda ya kamata ya ba da psi 44 zuwa 50. Gurɓataccen fetur ma yana jawo haka. In matsalar ta fara ne bayan shan mai a wajen 'yan bumburutu, a fara ta nan. Amma mis ba ya kaɗa gaban mota gefe da gefe, kuma ba ka ambaci rashin ƙarfi ba, shi ya sa na sa shi a na biyu.

Kwanbata da man giya

Makanikenka bai yi nisa da gaskiya ba ta fuska ɗaya: akwai karkarwar da ke fitowa daga ɓangaren giya, kuma tana zuwa a daidai wannan gudu. A cikin kwanbata akwai kuloci da ke haɗe injin da giyabos kai tsaye in mota ta daidaita, don rage shan mai. A ƙaramin gudu ana barinsa yana ɗan zamewa da gangan. In man giya ya tsufa ko ba irinsa ba ne, zamewar ba ta tafiya sumul, sai ya riƙa kamawa yana saki. An san wannan a Camry ta 2012 zuwa 2014 da RAV4 ta 2013 zuwa 2015, har Toyota ta tsawaita garantin kwanbatarsu a Amurka.

Motarka man Toyota ATF WS take sha. Tsofaffin Highlander da Lexus RX330 su ne masu T-IV, kuma ba a haɗa su. Zuba kowane jan mai da sunan ai duk man giya ne yana cikin abubuwan da suka fi kashe giyar Toyota a garuruwanmu. A ɗiga man a farar takarda. Ja ko ja mai duhu, da sauransa. Baƙi mai warin ƙuna, ko mai burbushin ƙarfe, labari ya canja. In tsufa ne kawai, a kwance noti a tsiyaye. Wajen lita uku da rabi ke fita daga cikin kusan tara. A mayar da daidai abin da ya fita, a yi tafiyar 'yan kwanaki, a maimaita sau biyu ko uku. Ban goyi bayan wanke tsohon giyabos da injin matsi ba. In bayan haka karkarwar tana nan, ko lambar P0741 ta fito, sai a yi maganar solinoyid ko kwanbatar kanta. Giyabos da ya lalace da gaske yana da nasa alamomin: jinkirin shiga D ko ribas, injin ya yi ihu mota ba ta ja, bugu in giya za ta canja. Ba ka faɗi ko ɗaya ba.

Kujerun injin, farfela da sauransu

Kujerun injin gwajinsu minti biyar ne. A buɗe bonet, a taka birkin fakin, direba ya danne birki sosai, ya sa D ya ɗan taka totur, kada ya wuce daƙiƙa biyar, sannan ya maimaita a ribas. Mai kallo ya tsaya a gefe, ba a gaban mota ba. Ɗan jingina daidai ne. In injin ya yi tsalle ko ya buga, akwai kujerar da ta yanke. A duba ƙaramar sandar da ke riƙe injin daga sama ta gefen dama, robarta takan tsage, da kujerun ƙasa masu ruwa a ciki, waɗanda in sun fashe za a ga baƙin tabo ya gangaro. Kujerar da ta zauna tana sauke injin, kwanar shaf ta ƙaru, gaɓar ciki ta ci da wuri. Sau da yawa tare ake samunsu, kuma in aka canja shaf aka bar matacciyar kujera, sabon ma ba zai daɗe ba.

Farfela tana ɗaukar ƙarfi zuwa baya. A girgiza ta a wajen kuros, wato gaɓarta, da boris ɗin tsakiya, a duba robar da ke riƙe boris ɗin, a nemi lotsawa ko wurin da ƙaramin ƙarfen balans ya ɓalle. Jan ƙura mai kama da tsatsa a bakin kuros alama ce ya bushe. In za a kwance ta, a yi alama da fenti don ta koma yadda take. Dabarar cire farfela a gwada mota, wadda ake yi wa CR-V, ba ta dace da wannan Highlander ba, domin ita kullum da huɗu take ja ta hanyar difaransha na tsakiya. Man tiransifa, wato akwatin da ke tura ƙarfi zuwa farfela, da na aksil ɗin baya kowanne bai kai lita ɗaya ba, ɗan yoyo kaɗan ya isa ya bar su a bushe.

Bushin ɗin lowa am, wato robar ƙarfen da ke riƙe taya daga ƙasa, da ya yage yana barin taya ta matsa in an taka totur, sai ka ji mota tana ja gefe tare da rawa. Tayoyi kuma, ko da ba su ne tushen wannan matsala ba, ka duba su. Huɗun su zama lamba ɗaya, cinsu kusan ɗaya, saboda mai ja da huɗu ba ta son bambanci. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT a jikin taya su ne mako da shekarar da aka ƙera ta: 2318 na nufin mako na 23 a 2018. Tayar da wayar cikinta ta rabu, ko rim da rami ya lanƙwasa, injin balansin zai iya nuna sifili alhali ƙwai take juyawa. Ka tsaya ka kalli tayar tana juyawa a kan injin, ido yana gani.

Iyakar abin da zan iya faɗa daga nesa

Ban tuƙa motar ba, kuma tsohuwar mota takan haɗa laifi biyu a lokaci ɗaya, ɗaya ya ɓoye ɗaya. Akwai kuma abin da ba ya cikin lissafin nan: da yawa daga cikin motocin da ke shigowa daga gwanjon Amurka sun taɓa haɗari. In an bugi gaba, ƙarfen da injin ke zaune a kai ya goce ko sandar shaf ta ɗan lanƙwashe, za a yi ta canja kaya karkarwa ba ta tafi ba. Ka bincika tarihinta da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, ka sa a duba ƙasanta ko akwai walda ko sabon fenti. Wadda ta fito daga jihohin da ake zuba gishiri a hanya lokacin ƙanƙara, tsatsa ma takan ci shaf da farfela.

A canja abu ɗaya, a gwada a hanya ɗaya da gudu ɗaya, kafin a taɓa na gaba. In an canja uku a rana guda, ko ta warke ba ka san wanne ka biya a banza ba. Kafin a gyara, zirga-zirgar cikin gari a hankali ba laifi, amma ban ba ka shawarar hawa hanyar Abuja ko Zariya da iyali ba, domin gaɓar da ta fashe tana yanke jan mota nan take, kuma ta fi yin haka lokacin da aka taka sosai don wuce babbar mota. In fitilar cek injin ta fara ƙiftawa, ka sauka gefe ka kashe, ɗanyen mai ne ke shiga salansa yana ƙona indomi, wato matatar hayaƙin da ke cikin salansa. In ka yi gwajin D, S4 da S3 da na taɓa birki, ka turo sakamakon tare da lambobin da sikanin ya nuna da hoton robar shaf ta ciki, hagu da dama.